Netwok ɗin ofis: raga ce ko gandu?

A makon jiya aka ɗora mini rubuta sanarwa da Hausa ga ma'aikatan ofishinmu da ke kan titin Ahmadu Bello a Kaduna, game da masu zuwa aiki da kwamfutocinsu na kansu, sai na cije a kan kalmar netwok, wato tsarin da ke haɗa kwamfutocin ofis da juna. Yanar gizo ta riga ta zama sunan intanet, alhali abin da nake nufi bai wuce bangon ofis ba. Sabis kuwa na wayar salula ne. Hanyar sadarwa ta yi faɗi, domin har rediyo da jarida suna ƙarƙashinta.

Wata abokiyar aikina ta kawo mahaɗa. Na ce mata, Hajiya, kalmarki ta yi, amma ta fi dacewa da akwatin nan da dukan wayoyi suke taruwa a jikinsa, kamar yadda layukan dogo suke haɗuwa a tashar jirgin ƙasa ta Kaduna. Ni dai raga ce ta kwanta mini, saboda zare ne da ƙulli, kowane ƙulli yana riƙe da na kusa da shi. An yi mini ba'a cewa masu kallon ƙwallo za su zaci ta mai tsaron gida ce, amma wanda ya ji ragar ofis ba zai nemi fili ba.

Kalmar aikatau ba ta ba ni wahala ba, tunda jona tana bakin kowa. Na tsaya ina kallo injiniyanmu ya tura kan wayar, mai siraran wayoyi 8 a ciki, a jikin kwamfuta har ta ce ƙas, koriyar fitila ta fara ƙiftawa, nan take kwamfutar ta karɓi lambar adireshi irin 192.168.1.20 ba tare da an rubuta mata ba. Wannan shi ne jonawa, ko da waya ko da Wi-Fi.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne mataki na biyu, wanda injiniyoyi suke kira shiga domen, kuma mutane suna cakuɗa shi da jonawa. Kwamfutar da ta shiga domen ta koma ƙarƙashin ikon mai kula da raga: da sunan da ofis ya ba ka za ka buɗe ta, shi zai ƙayyade tsawon kalmar sirri, yana kuma iya hana ka saka wata manhaja. Nau'in Windows da ake kira Home ma ba ya shiga, sai irin su Pro. A nan na tuna gandu, gonar da 'ya'ya da ƙanne suke nomawa a ƙarƙashin maigida, su ci daga rumbu ɗaya, su bi tsarinsa. Kwamfutar mutum ta kansa kuwa gayauna ce, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san bambancin. Injiniyan, wanda ɗan Giwa ne, ya yi dariya ya ce, Malam, ai ka gama bayani.

Ga yadda jimlar ta fita a sanarwar: an yarda ma'aikaci ya jona kwamfutarsa da ragar ofis, amma ba za a shigar da ita gandu ba sai ya sa hannu.