Shin in tsaya a kan aikin da aka ɗauke ni in yi, ko in ci gaba da haƙuri?

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a Kano a kan naira 45,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da shugaban ƙasa ya sanya wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Yanzu mai makarantar ya ɗora mini darasin yamma da haɗa sakamakon jarrabawa ba tare da ƙarin ko sisi ba. Ina tunanin in riƙa shiga ajina kawai, da an tashi in karɓi adaidaita sahu in nemi na cefane, amma zuciyata ta ƙi kwanciya saboda ɗaliban da za su rubuta WAEC bana.

Maman Khadija: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka fara binciko yawan ma'aikatan makarantar, domin dokar ba ta tilasta wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Tsohon Akawu: Ɗana, na yi wa wata ma'aikatar jiha aiki har na yi ritaya, ni ne mai buɗe ofis, ni ne mai rufewa. Waɗanda suke sa hannu a rajista da safe su wuce kasuwa su aka riƙa yi wa ƙarin girma, saboda suna da uwa a gindin murhu. Lokacin da matata ta kwanta asibiti, ko gaisuwa shugabana bai aiko ba, kuma har yau ina bin kuɗin sallamata.

Abu Fatima: Allah Ya saka maka, Baba, amma wannan aikin gwamnati ne. Malam, abin da kuka yi yarjejeniya a kansa amana ce, ka cika shi domin albashinka ya halatta. Darasin yamma kuwa kana da ikon neman ladansa. In kuma adaidaitar za ka karɓa, balas ɗinta, wato kuɗin da direba ke kai wa mai ita, naira 5,000 ne a wuni.

Direban Sahu: A ina? Ni 8,000 nake kai wa maigidana, ban da man fetur, wanda tun cire tallafi a Mayun 2023 yake cinye rabin ciniki. Kuma fasinja ba ya jin lissafi, Malam, canjinsa kawai ya sani.

Tsohon Akawu: Abu Fatima, wanda bai taɓa jiran albashi wata uku ba bai kamata ya yi wa mutane wa'azin amana ba.

Abu Fatima: Da girmanka, Baba, ɗaliban nan ba su suka riƙe maka haƙƙinka ba.

Maman Khadija: Baba, kai kana tsohon tsarin fansho ne? Mu da ake cire mana kashi 8 cikin 100 na fansho duk wata, na je na duba asusuna na tarar ba a zuba kason da ake cire mana ba, balle kashi 10 na wanda ya ɗauke mu. Akwai wanda ya taɓa kai ƙara hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, aka saurare shi?