Wai me yaranku suke kalla a talabijin? Ni dai gidana ya koma sai dirama

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Jiya da yamma ina tsince shinkafa a tsakar gida naji Ilham, shekararta shida fa, ta jera 'yan tsanarta biyu tana musu magana, wai ɗayar tana cewa ɗayar "wallahi yau sai ka sake ni, ba ni takardata". Sai da gabana ya faɗi. Ba a bakina taji ba, ba a bakin babanta ba, a talabijin ta ɗauka, don in aka kawo wuta gidan kowa yana falo, ni da ƙannen mijina da yaran duk abu ɗaya muke kalla, in ba rikicin kishiya ba to soyayya ko fassarar Indiya. In na canza musu zuwa katun na turanci ne ko larabci, suna kallon hoto kawai ba sa jin komai. Wai babu shirin yara ne da Hausa? Da shirin da mutum zai ga tarihi ko dabbobi ko yadda ake wata sana'a? Ko ni ce ban san inda suke ba?

Baba Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raya miki su. Kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Mu lokacinmu tasha ba ta kwana tana aiki, sai wajen la'asar ake buɗewa da taken ƙasa, dare ya yi a rufe, amma a wannan ɗan lokacin kowa da rabonsa. Akwai na yara tun da sauran rana, sai labarai, sai na manoma, sannan wasan kwaikwayo. Samanja a NTA Kaduna, marigayi Usman Baba Pategi, da wannan Hausar tasa ta bariki, ka yi dariya har hawaye amma ka tashi ka san yadda soja yake zama da iyalinsa. Ga Ƙarƙuzu daga Jos, ga su Kasimu Yero da suka yi Magana Jari Ce, Allah ya jiƙansu duka. A Kano kuma CTV da Abubakar Rimi ya kafa, wadda yanzu ake kira ARTV. Ranar Lahadi akwai Tales by Moonlight, tatsuniya ce zalla duk da da turanci ake yi, yara a zaune a ƙasa ana ba su labari. Layinmu gida ɗaya ne mai talabijin, baƙi da fari, yara har kan taga suke ɗarewa, kuma babu abin da za a nuna uba ya ji kunyar ɗansa. Yanzu tasha ta fi ɗari a dish amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya kusan labari ɗaya ne.

Abban Editin:
Hajiya ni harkar nake ciki, editin nake yi, bari in faɗa miki gaskiyar abin, kuɗi ne. Dirama mai dogon zango in ka samu gida ɗaya da falo mai kyau da jarumai biyar shida za ka ɗauki fitowa da yawa a sati ɗaya, ka ɗora a YouTube mutane su yi ta kallo talla ta biya ka. Katun kuwa daƙiƙa ɗaya tak tana cin zane 12 zuwa 24, ki lissafa na minti goma, ga kwamfuta mai ƙarfi ga wuta ga masu ɗora murya. Sannan tun 2020 YouTube suka sa doka duk bidiyon da aka ce na yara ne ba a sa masa irin tallar nan mai bin mai kallo, kwament ma a rufe yake, to kuɗin da yake kawowa ƙasa yake sosai. Wa zai zuba jarinsa a nan?

Shirin bincike shi kuma ga tsada ga haɗari, tafiya ce da kwana a hanya da neman izini. Amma in aka yi shi yana aiki fa, ki tuna wanda BBC suka yi kan kodin a 2018, kwana kaɗan da fitarsa gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tarin mai kodin da haɗa shi. A ɗaya gefen kuma Trust TV sun yi nasu kan 'yan bindiga a 2022, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci su tarar naira miliyan 5. Mai tasha in ya ga haka sai ya ce gara ya sa abin da ba zai jawo masa magana ba. Ni abin yana damuna wlh, na taɓa rubuta shirin yara kan Gizo da Ƙoƙi fitowa goma sha uku, na zaga da shi wajen masu ɗaukar nauyi, kowa sai ya ce yana da kyau amma yara ba su ke sayen kaya ba. Yana nan a laptop ɗina har yau.

Anti Zee:
Maman Ilham kar ki karaya akwai su, kaɗan ne dai kuma sai an nema. Ki duba Akili, katun ne na wani kamfani a Tanzaniya mai suna Ubongo, an mayar da shi Hausa, ƙirga da haruffa da waƙoƙi, ƙaramin nawa a nan ya iya ƙirga ɗaya zuwa goma. Ni nakan sauke musu a waya da daddare lokacin da data take araha in tura a filash in saƙala a tibi.

Kuma Baba a yi min afuwa, ba duk na yanzu ne labari ɗaya ba. Tun da Arewa24 ta fara a 2014 an samu canji, Kwana Casa'in ai siyasa ce da aikin jarida da halin da asibitocinmu suke ciki, Gidan Badamasi barkwanci ne na uba da 'ya'yansa kan dukiya, ga na girke-girke ga na safe. Matsalar mu manya ne muke riƙe rimot, abin da ranmu yake so shi muke kunnawa yaro yana gefe muna ganin kamar hankalinsa ba ya wajen, alhali ya fi mu haddacewa.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar ma hakanan ne Hajiya, diyanmu katun na faransanci suke kallo a Canal, manya kuma na Kano. Tatsuniyar da kakata take muna da dare ko guda ɗiyana ba su sani ba. Abban Editin in da hali ka fara ko da murya ce da hoto tsaye, wallahi za mu kalla.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba amin, Allah ya ƙara girma. Anti Zee maganarki ta rimot gaskiya ce, na yi magana da babansu ɗazu mun tsayar daga la'asar zuwa magariba tibi na yara ne, namu kuma sai sun kwanta. Ƙannen nasa ne dai ban san ya za mu kwashe da su ba don ƙarfe takwas suna zaune. Dan Allah ki turo min yadda zan rubuta sunan katun ɗin in nema, yau nake so in sauke kafin a ɗauke wuta.