Tsakanin Detroit da Grosse Pointe: wai talaka ne ya so talaucinsa?

Kawu Alhaji: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da muka faro a wajen suna ranar Asabar ba ta ƙare ba, kuma ina nan a kan bakana: a Amurka wanda ya talauce shi ya so. Da jaka ɗaya na sauka Detroit. Na wanke kwanuka a gidan abinci, na yi gadin dare cikin sanyin da ke fasa leɓe, yau ga shago ga gida, alhamdulillahi. To wanda aka haifa a nan, Turanci a bakinsa, takardu a aljihunsa, makaranta kyauta har sakandare, me ya tare masa hanya? Allah ma cewa ya yi tashi in taimake ka.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara buɗi. Ba mai musun wahalar da ka sha. Amma ina roƙonka wata rana ka biyo ni wajen aiki. A gabashin Detroit nake zaune, ina jinyar wata tsohuwa a Grosse Pointe Park, garin masu hali da ke maƙwabtaka da Detroit, tafiyar da ba ta kai minti goma a mota ba. Titin Alter ne iyaka. A layinmu gida huɗu ne kawai ke da mutane. Sauran an rushe su, fili ya koma ciyawa, ɗaya kuma ya ƙone tun kafin mu tare, har yau katakon da ya zama gawayi yana tsaye, yara na wucewa ta gabansa da jakar makaranta. Kana tsallaka titin sai ka ga itatuwa sun yi wa hanya rumfa, an kwashe dusar ƙanƙara tun kafin gari ya waye, wurin shaƙatawarsu na bakin ruwa ba ka shiga sai da katin shaidar kai ɗan garin ne. A 2014 har rumfunan kasuwa hukumomin Grosse Pointe Park suka kafa a tsakiyar titin Kercheval, suka toshe wa motocin da ke fitowa daga Detroit hanya, sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin a janye su. Maƙwabciyata ƙarfe huɗu na asuba take fita, aiki biyu take yi, ina jin tarin motarta kullum. Ita ce malalaciyar?

Baban Sadiq: Maman Ilham, ni ma ina bin titin nan da fasinja, abin da kika faɗa haka yake. Sai dai a faɗi ɗayan gefen. Su wa suka mulki birnin? Kwame Kilpatrick, magajin garin da jama'a suka zaɓa da hannunsu, shekara 28 kotu ta yanke masa a 2013 kan cin hanci da zamba. A shekarar nan birnin ya shiga kotu ya ce ba zai iya biyan bashin da ya kai kimanin dala biliyan 18 ba. Wannan ba 'yan Grosse Pointe suka yi musu ba.

Autan Zaure: Yaya Baban Sadiq, ɓarnar Kilpatrick gaskiya ce, amma rijiyar da ya tarar ta riga ta kusa ƙafewa. A 1950 mutanen Detroit sun haura miliyan 1.8, a ƙidayar 2020 ba su kai dubu 640 ba. Tituna da bututun ruwa da fitilun da aka gina wa mutum kusan miliyan biyu, yanzu kashi ɗaya cikin uku ne ke biyan kuɗin gyaransu, kuma mafi yawansu waɗanda ba su da halin tashi ne.

Kawu, da girmanka, akwai wata katanga da nake so ka gani da idonka. Tana kusa da titin 8 Mile, ta wajen Birwood, tsayinta kamar ƙafa shida, tsawonta kusan rabin mil. A 1941 aka gina ta. Wani mai gina gidaje ne ya so yi wa fararen fata unguwa, hukumar gidaje ta tarayya ta ƙi tsaya wa bashin saboda baƙaƙen fata na zaune a maƙwabta. Da ya gina katangar sai aka amince. Ka ga ke nan gwamnati da kanta ta ce wannan gefe a ba su bashin gida mai sauƙi na shekaru, wancan gefe a hana. Tun a shekarun 1930 aka zana taswirar birane, aka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, alamar kada banki ya zuba kuɗi a ciki. Unguwar Black Bottom da titin Hastings, inda shagunansu da gidajensu suke, rushe su aka yi aka shimfiɗa babbar hanyar da ke kai ma'aikata gidajensu na bayan gari. Ita kuwa Grosse Pointe, a 1960 asiri ya tonu cewa dillalan gidaje maki suke ba mai son saye: a duba duhun fatarsa, karin harshensa, irin shigarsa. Bayahude sai ya ci maki fiye da na kowa, baƙar fata kuwa ko lissafa shi ba a yi.

A ƙasar nan gida shi ne dukiyar mai matsakaicin hali. Da shi ake karɓar rance a kai yaro jami'a, shi ake bar wa magada. Wanda aka hana kakansa saye a inda gida ke ƙara daraja, jikansa daga sifili yake farawa.

Kawu Alhaji: Auta, Allah ya yi wa karatu albarka, amma duk wannan tarihi ne. A 1968 aka yi dokar da ta haramta wariya a sayar da gida da haya. Sama da shekara hamsin ke nan. Har yaushe mutum zai zauna yana kukan abin da aka yi wa kakansa?

Autan Zaure: Dokar ta buɗe ƙofa, Kawu, amma bayan shekara shida Kotun Ƙoli ta rufe wata. A shari'ar Milliken ta 1974, alƙalai biyar cikin tara suka soke shirin haɗa makarantun Detroit da na gundumomi 53 na kewaye. Daga ranar, iyakar gari ta zama iyakar makaranta. Mai kuɗi ya sayi gida a ƙetaren layi, ya sayi makarantar ɗansa ke nan.

Maman Ilham: A bar tarihi ma, Kawu, a zo kan takardun da ke shigo min ta akwatin wasiƙa. Inshorar mota a Detroit tana cikin mafi tsada a duk ƙasar. Ni da 'yar tsohuwar da nake jinya mun taɓa kwatanta namu: motarta ta fi tawa sabunta nesa ba kusa ba, amma nawa ya fi nata yawa, ban kuma taɓa buga kowa ba. Shi ya sa mutane da yawa ke tuƙi babu inshora, a kama su a ci su tara, tarar ta taru a ƙwace lasisi, aikin ya tafi. In ka ce ka hau bas, ayyukan suna bayan gari, kuma shekara da shekaru wasu garuruwan, irin su Livonia, sun ƙi shiga tsarin bas ɗin. Kun tuna mutumin da jarida ta ba da labarinsa a 2015, wanda yake taka mil 21 a ƙafa kullum don zuwa masana'anta a Rochester Hills da dawowa? Sannan harajin gida. Binciken jaridar Detroit News ya gano cewa tsakanin 2010 da 2016 an caji masu gidaje a birnin rarar aƙalla dala miliyan 600, don an ƙiyasta gidajensu sama da darajarsu. In bashin harajin ya kai shekara uku, hukuma ta ƙwace gidan ta yi gwanjonsa. Gidan da ke kallon nawa haka ya tafi. Ina tsaye a taga aka fito da kujerun dattijuwar aka jera a bakin titi, da hotunan jikokinta a cikin kwali. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Hajiya Anti: Innalillahi. Ni dai abin da zan ƙara, kada a mai da maganar ta launin fata kaɗai, don yanzu aljihu ne ke raba mutane. A Southfield nake, yawancin maƙwabtana baƙaƙen fata ne, lauyoyi da nas-nas da ma'aikatan kamfanin mota, kusan duk daga Detroit suka taso. Ku kuma leƙa kudancin Warren ko Hazel Park ku ga fararen fata da ke layin karɓar abincin taimako. Kuma ni ma tashi na yi. A 2016, lokacin da malaman Detroit suka ƙaurace wa aji suna nuna hotunan ɓeraye da rufin da ke yoyo, na kwashe yarana. Ban yi nadama ba, amma na san duk wanda ya tashi irina, da harajinsa ya tafi, ya bar na baya da nauyin da ya fi na da. Abin yana damuna har yau.

Baban Sadiq: To Hajiya, ai kin ƙarfafa maganar Kawu. Kin yi ƙoƙari kin fita.

Hajiya Anti: Da albashin mutum biyu na fita, ƙanina, da kuɗin adashi na biya kafin alƙalami. Kawu ma ya faɗa mana da bakinsa: wata takwas ya yi a falon ɗan'uwansa ba ya biyan haya, jarin shagon kuma jama'ar masallaci suka haɗa masa. Mu da muke zuwa daga gida ba mu ne talakawan ƙasarmu na ƙarshe ba. Ko bizar caca, wadda Amurka ke rabawa ta hanyar ƙuri'a, sai kana da takardar sakandare ko ƙwarewar sana'a, ga kuɗin jirgi. Mun zo da lafiyarmu, babu tarihin kotu a bayanmu, akwai mai karɓarmu a filin jirgi.

Kawu Alhaji: Hajiya, wannan gaskiya ne, ba zan ci amanar waɗanda suka taimake ni ba, Allah ya saka musu. Maganar haraji kuma zalunci ce, ban san ta kai haka ba. Amma ni aka ɗora wa bindiga a shagona sau biyu, kuma yaron da ya yi na biyun bai fi shekara sha bakwai ba. Ba katangar 1941 ta ba shi bindigar ba. Ina ubansa? Ina tarbiyya? Wannan ba zan janye ba.

Maman Ilham: Allah ya ƙara tsarewa, Kawu. Mu ma da ke layin muna kwana da tsoron nan, mu aka fi yi wa fashin ma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a haɗa yaron nan da maƙwabciyata a kira su da suna ɗaya. Auta, ranar Lahadi ba ni da aiki. In za ka kai Kawu wajen katangar ku biyo ta gidana, mu fara bin titin Alter tukuna.

Kawu Alhaji: Bayan azahar, in Allah ya kai mu. Ni zan tuƙa.