Camper van: wane suna za mu ba ta kafin Juma'a?

Mai fassara: Salamu alaikum, malamai. An ba ni wani shirin talabijin in mayar Hausa, ranar Juma'a za a ɗauki murya. Wasu mata da miji ne suka zaga tsaunukan Alps a camper van, har suka haura mashigar Stelvio da ke arewacin Italiya, mai tsayin mita 2,757. Girmanta kamar hayis, an cire kujerun baya an sa gado da murhun gas da tankin ruwa, rufinta kuma ana ɗaga shi in an tsaya don a samu miƙewa. Ba janta ake yi ba, da injinta. Me zan kira ta?

Malamar makaranta: Wa alaikumus salam. Motar kwana.

Tsohon direba: Hajiya, a yi haƙuri, mai sauraro motar kwana-kwana zai ji, ya zaci gobara ce. Sannan hanyar Stelvio da yawan kwana aka san ta, 48 ne a ɓangaren arewa, kowacce da lambarta. In aka ce motar kwana ta sha kwana, an rikita mutane.

Malamar makaranta: Haka ne, Alhaji. Motar gida fa?

Mai fassara: Wannan ai ta riga ta zama kishiyar motar haya.

Malamin harshe: Duk kun maƙale wa "mota", alhali aro ce. Ni tuntuni kunkuru nake kiranta. Da gidansa yake tafiya, inda dare ya yi masa nan zai shige. Gajere ne, namu ne, yaro ma zai gane.

Tsohon direba: Allah gafarta malam, a bakin direba kunkuru motar da ba ta gudu ce. Hawan dutse kam a hankali ake yi, gangara ma da giya ta ɗaya ko ta biyu don kada birki ya ɗau zafi, amma ba shi ne abin da ya bambanta ta da sauran motoci ba.

Ɗalibi: Ni a ganina a ce kamfa kawai. 'Yan Italiya ma camper suke cewa, Faransawa camping-car, ba abin da ya rage su da shi.

Malamin harshe: Jamusawa fa? Wohnmobil suka ce, daga harshensu. Su suka ƙera bas ɗin Volkswagen a 1950, kamfanin Westfalia ya fara sa mata kayan kwana a 1951. Mu kullum sai mu jira a tauna a ba mu. Wanda ya ce a-kori-kura bai tambayi Bature ba.

Ɗalibi: Malam, "mobil" ɗin nan ma daga Latin ya fito. Kuma birki da giya da taya duk aro ne, Hausa ba ta mutu ba.

Malamin harshe: Yaro, ba mutuwa nake tsoro ba. Raini nake tsoro, a ce harshen miliyoyin mutane ya kasa raɗa wa mota mai gado suna.

Mai fassara: Don Allah a dawo kan aikina, lokaci na ƙurewa.

Tsohuwar 'yar jarida: Ƙanena, kalmar tana hannunmu: tafi-da-gidanka. Mun ce wayar tafi-da-gidanka, mun ce kotun tafi-da-gidanka, duk a matsayin kwatance. Wannan kuwa gidan ne da kansa ake tafiya da shi. Ba inda sunan ya fi dacewa.

Ɗalibi: Ya yi tsawo, Anti. Bakin mai magana a fim ba zai jira ba.

Tsohon direba: To a ambace shi sau ɗaya, daga nan a ce motar zango, tunda kullum yamma sai sun yada zango.

Malamin harshe: Za a zaci mai zuwa Zango ce. Tafi-da-gidanka dai ba laifi, Hausa ce tsantsa, amma a ajina kunkuru zan ci gaba da koyarwa.

Mai fassara: Na gode. Motar tafi-da-gidanka zan sa a farko, sauran wurare in ce motar kawai. Saura filin da suke biya su kwana a ajiye motocin, a ja musu wuta da ruwa. Zango ya isa, ko sansani?