Taƙaitawa kan gwajin ƙarfe mai guba a maganin gargajiya na China

To jama'a, muhawarar da ake yi kan yadda ake gane ko maganin gargajiya na China na ɗauke da ƙarfe mai guba ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda abubuwan da ake nema su ne dalma, zaiba, asanik da kadmiyom, kuma ido ko harshe ba sa gane su, sai an kai lab an narkar da samfur a cikin asid injin ya karanta.

2. Ta ina suke shiga? Wasu daga ƙasar noma da ruwan ban ruwa, wasu wajen busarwa da niƙa. Amma akwai wanda da gangan ake sakawa, wani jan dutse zhusha zaiba ce a cikinsa, wani dutsen kuma xionghuang mai launin ruwan lemo asanik ne a cikinsa, saboda haka a riƙa duba jerin kayan haɗi a bayan kwalin.

3. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO): dalma kada ta wuce miligiram 10 a kilo ɗaya, kadmiyom 0.3.

4. A nan aka rabu. Wasu sun ce in akwai lambar NAFDAC shi ke nan, wasu suka ce ina, jabu ma ana buga masa lamba, kuma gwajin kaya ɗaya ba ya wanke na bayansa, sai a nemi takardar gwaji mai lambar wannan zubin. Ni dai na fi karkata ga ra'ayi na biyun gaskiya.

5. Masu ciki da yara su kauce gaba ɗaya, ba wanda ya musa wannan. Wanda ya daɗe yana sha kuma ya je a gwada jininsa, ya tafi wa likita da kwalin.