Dan Allah masu gyaran fowil, ya ake rage faɗin gatarin gaba na Dana 60?

Mai FJ40:
Salam alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar Land Cruiser FJ40 ta 1978 da nake haɗawa don shiga jeji da hawan dutse, tun da na sa mata manyan tayoyi sau biyu ina karya shaf ɗin gaba, abin ya ishe ni. Yanzu na samu gatarin gaba Dana 60 da aka ciro daga Chevrolet K30 ta 1985, tukunyar giyarsa na hannun dama kamar na motata, to amma faɗi ne matsalar, shi wajen inci 69 da rabi ne nawa kuma bai wuce 55 da ɗan wani abu ba. So nake in mai da shi 63. Wani mai walda ya ce min a yanka bututun a tsakiya, shaf ɗin ma a yanka a haɗe da walda shikenan, ni dai raina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa yi ya taimaka min.

Tsohon makaniki:
Wa alaikumus salam. Ƙanina gara da ranka bai kwanta ba, kar ka yarda a yi wa shaf walda, ƙarfe ne da aka gasa shi ya yi tauri, wuta na taɓa shi ta kashe taurin, kuma daidai gurin zai ɓalle ranar da ka fi buƙatarsa. Bututun ma ba a tsakiya ake yanka ba. Ka ga ƙarfen nan mai siffar C da ke bakin bututu wanda kinfin, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kai in an murɗa sitiyari, yake ciki? Shi za ka bi da giranda ka cinye waldar da ta riƙe shi, ka dake shi da guduma ya fita, ka yanke incin da kake so daga bakin bututun, ka goge sosai sannan ka ɗumama C ɗin ka mayar. Yawanci dogon ɓangare kaɗai ake ragewa don shaf ɗaya kawai za ka nema, amma ka auna da kyau tukuna, inci 6 daga gefe ɗaya zai matso da tukunyar wajen tsakiya da inci 3, kar ta je ta riƙa dukan ƙasan inji.

Inda mutane suka fi ɓata aikin shi ne kafin walda. C ɗin nan yana ɗan kwantawa baya, ka saita shi wajen digiri 5 zuwa 7 kuma gefe biyun su zo ɗaya, da ma'aunin digiri ba da ido ba. In ya yi kaɗan sitiyari ba ya dawowa da kansa bayan kwana, motar ta dinga yawo a titi. Tun da ka riga ka cire ɗaya, ni shawarata ka cire duka biyun ka juya bakin tukunyar ya kalli farfela yadda ya kamata sannan ka saita.

Mai tona:
Gaskiya Baba ya gama magana, ni kan shaf zan ƙara. Na ciki haƙora 35 gare shi kaurinsa inci 1 da rabi, ko dai a yanke shi a sake fidda haƙoran in kaurin gurin ya isa, ko ka yi odar sabo, a Amurka kamfanoni irin su Moser da Dutchman suna yi daidai awon da ka tura musu. Ka tuna sil ɗin mai yana can ciki kusa da tukunya, dole gurin da zai hau ya zama sumul in ba haka ba mai zai ta bin bututu yana zuba. Tayirod ma sai an rage shi.

Direban jeji:
Ni fa maigida tambayata, taya nawa za ka sa? In mai inci 33 ce ko 35 wallahi Dana 60 ya yi maka yawa, nauyinsa ya haura kilo 200 kuma tukunyar ta fi taka saukowa ƙasa, duk dutse sai ka taɓa shi. Ga notin taya, shi 8 ne naka na baya 6, kenan sai ka canza na bayan ko ka dinga yawo da safaya iri biyu. Dana 44 na Jeep Wagoneer ta kafin 1980 ma tukunyar dama ce, noti 6 irin na Toyota, kuma faɗinsa kusan ba sai ka yanka ba.

Mai FJ40:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya saka da alheri, maganar walda a shaf na ajiye ta. Taya 37 na riga na saya shi ya sa na nace wa 60 ɗin, na bayan ma zan canza in kuɗi sun samu. Na buɗe murfin tukunyar jiya na ƙirga haƙoran giya 41 da 10, wato 4.10 kenan, nawa na baya 4.11 ne, ina fatan wannan ɗan bambancin ba komai?

Tsohon makaniki:
Ba komai, a ƙasa ko yashi ba za ka ma ji ba, kar dai ka sa fowil a kan kwalta. Ka ɗan ɗiga walda a guri uku ko huɗu, ka ɗora gatarin a ƙarƙashin motar da nauyinta a kai ka sake aunawa, sai ka gamsu sannan ka zagaye shi gaba ɗaya.