Rage zafin gwajin ɓargo: abin da aka ce a zamanmu

Jiya a Garwa mun zauna kan gwajin ɓargon da za a yi wa yayarmu, wato a zuƙo ɗan ɓargo daga cikin ƙashi don a duba shi. Waɗanda aka taɓa yi wa sun ce allurar kashe zafi tana kashe fata da saman ƙashin ƙugu, amma lokacin zuƙo ɓargon sai an ji wata fizga ta 'yan daƙiƙu. Shawararsu: Yaya, ki roƙi likita ya sanar da ke kafin ya zuƙa, ki ja numfashi ta hanci, ki sake shi sannu. Wata inna ta ce carbi ta riƙa ja, 'yarta na riƙe da ɗaya hannun. Wasu karatun Alƙur'ani suka sa a kunne. Ni numfashin ya fi kwanta mini. Allurar kashe zafin dai kada a ƙi ta.